Masu Raba Hanta da Jini

Idan Bahaushe ya ga mutum biyu sun shaƙu, ba a ganin ɗaya sai tare da ɗan'uwansa, sai ya ce kamar hanta da jini. Bai faɗi haka don kawai maganar ta yi daɗi ba, domin kowane mahauci ya san babu wata tsoka a jikin dabba da ta riƙe jini kamar hanta. To, akwai wata al'umma wadda addininta ya ɗora mata aikin raba waɗannan aminai biyu kafin ta kai loma baki, kuma daga cikin wannan ɗawainiya ta fitar da wani abinci da ya yi ɗaruruwan shekaru yana bin ta duk inda ƙaura ta kai ta. Al'ummar ita ce Yahudawan Turai, waɗanda ake kira Ashkenazi. Abincin kuwa hantar kaza ce da albasa da dafaffen ƙwai da kitse, a daddatsa su wuri guda, a ci da sanyi kafin a kawo babban abinci. Da harshensu na Yidish suna ce masa "gehakte leber", wato datsattsiyar hanta.

Mai karatu na iya tambaya, mene ne haɗin ɗan kasuwar Maraɗi ko ma'aikacin biro na Yamai da akushin Bayahuden Polonya? Haɗin iri biyu ne. Na farko, duk wanda ya taɓa zama wajen tafsiri ya ji labarin abubuwan da aka haramta wa Yahudawa, amma kaɗan ne suka taɓa tambayar yadda mutanen suka yi da tukunyarsu bayan haramcin. Na biyu kuma ya fi kusa da gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon sukari sun tashi daga miliyon 200 a shekarar 1990 zuwa miliyon 830 a shekarar 2022, kuma cutar ta fi saurin yaɗuwa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Mai zaman kanti da mai zaman biro su ne ke kan gaba, tun da zama ya yi yawa, shinkafa da burodi da shayi mai sukari sun zama cimar kullum. Ranar da likita ya ce wa magidanci ya rage tuwo, ya rage fura, ya bar sukari, sai ya dawo gida jiki a sanyaye, yana ganin an rufe masa ƙofar abinci gaba ɗaya. Labarin wannan hanta labari ne na mutanen da aka rufe wa ƙofofi da yawa, suka zauna suka duba abin da ya rage musu.

Ƙofa ta farko ita ce jini. Attaura ta hana cin jini, kamar yadda Alƙur'ani ya hana, sai dai malaman Yahudu sun tsananta fiye da yadda Musulmi ya sani. A wurin Musulmi, idan an yanka dabba jini ya kwarara, abin da ya rage a cikin tsoka ba laifi. Hanta da saifa ma hadisi ya ambace su da suna cikin abin da aka halatta, tare da kifi da fara. Shi ya sa ranar Layya hanta ce kan fara shiga bakin mai gida. Bayahude kuwa, bayan yanka sai ya jiƙa nama a ruwa rabin awa, ya barbaɗe shi da gishiri mai tsakuwa ya bar shi awa guda a kan abin da zai tsane, sa'an nan ya wanke. Wannan ya wadatar ga kowace tsoka, ban da hanta. Ita jininta ya fi ƙarfin gishiri, saboda haka sai wuta. Littafin fiƙihunsu mai suna Shulhan Aruk, wanda Yosef Karo ya wallafa aka buga a birnin Benis a 1565, ya keɓe wa hanta babi guda: a tsaga ta, a gasa ta a kan wuta tsirara yadda jinin zai ɗiga ƙasa, a wanke ta, sa'an nan ta halatta. Wannan gashi da shari'a ta tilasta shi ne ya ba abincin ɗan ƙamshin hayaƙin da ya bambanta shi da hantar da Faransawa ke niƙawa.

Ƙofa ta biyu ita ce mai. A cikin Suratul An'am an ambaci cewa an haramta wa Yahudawa kitsen shanu da na tumaki da awaki, ban da wanda ke bisa baya ko jikin hanji ko wanda ya cakuɗe da ƙashi. Ɗaliban Risala ta Ibn Abi Zaid ma sun san wurin da aka halatta yankan Ahlul Kitabi, aka kuma karhanta cin kitsen dabbar da Yahudawa suka yanka ba tare da an haramta shi ba. To, a dubi halin uwar gida Bayahudiya a bakin kogin Rin shekara ɗari takwas da suka wuce. Maƙwabtanta Kirista suna suya da kitsen alade, ita ya haramta gare ta. Man shanu yana nan, amma addininta ya hana haɗa nama da duk abin da ya fito daga nono a tukunya ɗaya, har cokula da kwanoni sai an raba. Kitsen ƙoda na sa da rago an hana. Man zaitun da kakanninta suka sani a ƙasashen zafi bai zuwa arewa sai da tsada mai yawa. Abin da ya rage mata shi ne kitsen tsuntsu, domin shi shari'a ba ta taɓa shi ba. Sai ta kama kiwon dinyar gida, babbar agwagwar nan mai dogon wuya, tana ɗura mata hatsi har ta yi ƙiba, ta narkar da kitsen ta zuba a tulu. Wannan mai shi ne suke kira "shmalts". Akan yanka dinyoyin cikin hunturu, wajen watan Disamba, a ajiye wani kaso na man har bikinsu na Faska a farkon bazara.

Dinyar da aka ɗura wa hatsi hantarta kan kumbura ta yi taushi, kuma tun da daɗewa Turawa suka lura da haka. Bartolomeo Scappi, mai dafa wa Fafaroma abinci, ya yaba girman hantar dinyar da Yahudawa ke kiwo a cikin littafin girkinsa na 1570. Wajen 1780 kuma wani kuku mai suna Jean-Pierre Clause ya yi wa gwamnan soja na jihar Alzas wani haɗi na irin wannan hanta a birnin Sitirasbur, wanda ya zama abin alfaharin Faransa, shi ne "foie gras" ɗin da ake sayarwa da tsadar gaske. Ke nan itace ɗaya ne ya yi reshe biyu: ɗaya ya hau teburin sarakai, ɗaya ya bi talakawa gabas. Gama kashe-kashen da aka yi wa Yahudawan kogin Rin a 1096, da waɗanda suka biyo bayan annobar 1348 zuwa 1349 da aka ɗora musu laifinta, sun kora da yawa daga cikinsu zuwa Polonya, inda sarakuna suka ba su takardar amana tun 1264. A can gabas, a ƙauyukan Polonya da Lituwaniya da yammacin daular Rasha, talauci ya fi tsanani, dinya ta fi ƙarfin yawancin gidaje, sai kaza ta maye gurbinta.

Ƙofa ta uku ita ce ranar Asabar. Daga faɗuwar rana ta Juma'a zuwa fitowar taurari a daren Asabar, Bayahude mai riƙo da addini ba ya hura wuta, ba ya girki. Duk abin da za a ci sai an gama shi tun da sauran rana, kuma dole ya zama abin da zai kwana bai canza ba. Uwar gida ta talaka kaza guda take samu a mako, in ta samu, kuma a cikin wannan kaza take fitar da abincin biki gaba ɗaya. Tsoka da ƙashi su tafi romo. Fatar wuya a cusa mata gari da kitse a ɗinke a dafa. Sauran fata da kitse a narkar. Hanta kuwa ƙwaya ɗaya ce tak, ga yara cike da ɗaki, kowa ya zuba ido. Dabarar da ta yi ita ce ta ƙara mata jama'a: albasa, wadda ita ce mafi araha a kasuwa, da ƙwai biyu ko uku daga akurki. Ta zuba su a akushin katako, ta ɗauki wuƙa mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, ta yi ta datsa har hanta guda ta isa mutum takwas kowa ya sami cokali. Albasa da ƙwan da masana girki ke yabawa yau a kan sun daidaita ɗacin hanta, asalinsu ƙari ne na rashin wadata.

Wanda ke son gwadawa sai ya fara da mai. A tara fata da kitsen kaji biyu ko uku, a yayyanka ƙanana kamar kan yatsa, a zuba a kasko da ruwa kamar rabin kofin shayi, a ɗora bisa wuta marar ƙarfi. Ruwan zai hana kitsen ƙonewa kafin ya fara narkewa, daga baya ya ƙafe da kansa. Bayan minti 45 zuwa awa guda mai zai fito garau, launin zinariya, fatar ta takure ta fara ja. A nan ake jefa rabin albasa yankakkiya, a bari ta yi ja ita ma, sa'an nan a tace. Abin da ya rage a matata, soyayyar fata da albasa masu ƙaras-ƙaras, shi suke kira "gribenes", kuma shi ne rabon yaran da suka tsaya kusa da murhu. Wanda ya san kakide ya san wannan aiki, bambancin kawai dabbar da aka samo kitsen.

Sai hanta. Rabin kilo, wato ta kajin gidan gona kamar 10 zuwa 12, ya isa mutum takwas. A duba kowace ɗaya a cire matsarmama da duk wurin da ya yi kore, domin ɗigo ɗaya na ruwanta ya isa ya ɓata akushi duka. A cire jijiyoyi, a wanke, a ɗan barbaɗa gishiri, a jera a kan waya bisa garwashi kamar yadda mai balangu ke yi, ana juyawa har bayanta ya bushe jini ya daina fita. Musulmi ba a wajabta masa wannan gashi ba, yana iya soyawa kai tsaye, amma wanda ya tsallake garwashi ya tsallake rabin ɗanɗanon. A gefe guda a yanka manyan albasa biyu, kimanin giram 300, a soya su cikin cokali huɗu na man kaza a wuta mai sanyi, minti 30 ko fiye, har su yi laushi su koma launin zuma. Gaggawa a nan ita ce ke kawo ɗaci. A nan kuma mutumin Tawa ya fi Bayahuden Lituwaniya sa'a, domin albasar Galmi tana ƙofar gidansa. Idan albasa ta yi, a zuba gasasshiyar hantar a ciki minti kaɗan ta ƙarasa nuna, a sauke a bari ta huce. A dafa ƙwai huɗu su yi tauri, a ɓare. Sai a haɗa duka a akushi a datsa da wuƙa, a sa gishiri da masoro, in ya yi bushe a ƙara cokali ɗaya na mai. Ba a son ya niƙu kamar kunu. Ana son harshe ya riƙa jin ɗan gutsuren ƙwai nan, ɗan gutsuren albasa can. A rufe a sa a firigo ya kwana, domin washegari ya fi daɗi. Wasu littattafan girki na zamani sukan ƙara giya a ciki. Girkin tsofaffi bai dogara da ita ba, barinta ba ya rage kome.

Daga 1881, bayan kisan sarkin Rasha Alexandre na biyu da hare-haren da suka biyo baya, zuwa 1924 da Amurka ta tsuke ƙofarta, Yahudawa fiye da miliyon biyu suka bar gabashin Turai suka haye teku, mafi yawansu suka sauka birnin Niyok. Wasu suka tsaya Pari, a unguwar Marais, inda har yanzu ake sayar da wannan hanta a titin Rosiers. A Amurka abin da ya kasance ƙwaya ɗaya a mako ya zama abin awo da kilo, har aka koma yin sa da hantar sa saboda arha. Gidajen abinci irin su Katz's, wanda ke kirga shekarunsa daga 1888, suka sa shi a jerin abincinsu na kullum. A shekarun 1950 ƴaƴan baƙin nan da suka yi arziki sukan sa a gina musu hantar siffar tsuntsu ko wata sura a tsakiyar teburin biki, don kowa ya shaida an bar talauci a baya. Duk da haka ba ta taɓa zama babban abinci ba, kullum a gefe take. Shi ya sa har gobe Ba'amurke, idan aka gai da kowa aka tsallake shi, yakan tambaya cikin raha ko shi datsattsiyar hanta ne da za a wuce shi haka.

Waɗanda ba su yi ƙaura ba, ƙarshensu sananne ne. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu akwai Yahudawa kimanin miliyon 3.3 a Polonya. Kimanin miliyon uku daga cikinsu gwamnatin Nazi ta Jamus ta hallaka, cikin miliyon shida da ta kashe a Turai baki ɗaya tsakanin 1939 da 1945. Harshen Yidish, mai masu magana kusan miliyon 11 a lokacin, bai sake komawa yadda yake ba. Ƙauyukan da aka ƙirƙiro wannan girki a cikinsu babu sauran mai yin sa a ciki. Jikoki da yawa a Niyok da Pari da Landan ba su iya jimla ɗaya da harshen kakarsu ba, ba su san ma sunan ƙauyenta daidai ba, amma sun gaji akushinta da wuƙarta, sun kuma san yawan albasar da take sawa. Ƙaunar abin ta kai inda a Isra'ila, cikin shekarun tsuke bakin aljihu da suka fara a 1949, da nama ya zama sai da takardar rabo, mata suka riƙa soya baƙin yalon Turawa da albasa da ƙwai suna kiransa hanta, don dai kada teburin Asabar ya rasa ta ko da a suna.

Abin da yaƙi bai ƙarasa ba, tsoron kitse ya kusa ƙarasawa. A 1911 kamfanin Procter & Gamble ya fito da wani daskararren man tsiro mai suna Crisco, ya yi ta tallarsa ga matan Yahudawa a kan cewa ana iya haɗa shi da nama ko da nono, har ya buga musu littafin girki da Yidish a 1933. Daga shekarun 1960 kuma likitocin Amurka suka ɗaura yaƙi da kitsen dabba da kwalastarol, hanta da ƙwai da man kaza suka zama su ne manyan masu laifi, abinci guda ya tara su duka uku. Ƴaƴa suka riƙa yi wa iyaye dariya a kan suna cin ajalinsu da cokali. Daga baya bincike ya nuna cewa irin man tsiron da aka daskarar ta hanyar masana'anta, wanda aka maye gurbin man kaza da shi, ya fi shi illa ga zuciya, har hukumomi suka hana shi a ƙasashe da dama. A 2015 kuma ƙa'idojin cima na gwamnatin Amurka suka janye iyakar miligiram 300 na kwalastarol a yini da aka daɗe ana wa'azi da ita.

A daidai wannan lokaci wata tsohuwar dabara ta sake tasowa, wato rage sitaci da sukari, abin da likitocin da suka yi karatu da Faransanci ke kira gilisid. Tun 1863 wani mutumin Landan mai suna William Banting ya buga ƙasida yana bayyana yadda ya rage ƙiba da barin burodi da sukari da dankali. Kafin a gano insulin a Kanada a 1921, kusan babu abin da ake yi wa mai ciwon sukari sai hana shi waɗannan abubuwa. Likita Robert Atkins ya sake yayata tsarin a 1972, aka yi ta gardama a kansa shekara da shekaru. A 2019 ƙungiyar masana ciwon sukari ta Amurka ta bayyana cewa rage yawan gilisid shi ne matakin cima da ya fi samun hujjoji wajen saukar da sukarin jini. Dalilin a fili yake: hatsi da shinkafa da burodi da rogo, da zarar sun shiga ciki sai su narke su koma sukari su shiga jini, alhali nama da ƙwai da mai kusan ba sa ɗaga shi. Masu bin wannan tsari da suka shiga neman abin da za su ci, sai suka tarar da akushin tsohuwar Polonya yana jiransu, ba sai an canza masa kome ba. Tsohuwar zuma, in ji masu iya magana, da ita ake magani.

Ɗan kasuwa ba ya yarda da magana sai ya ga lissafi, to ga shi. Giram 100 na ɗanyar hantar kaza ba ta kai giram ɗaya na gilisid ba; rabin kilo ke nan bai wuce giram 4 ba. Ƙwai huɗu kimanin giram 2. Man kaza babu ko kaɗan. Albasa ce mai kaso mafi girma, wajen giram 9 a kowane 100, wato giram 27 a cikin 300. Jimla kimanin giram 33 a akushin mutum takwas, kowa ya tashi da giram 4. Gutsuren burodi mai nauyin giram 60, wanda bai wuce tsawon tafin hannu ba, yana ɗauke da gilisid daidai da na akushin nan gaba ɗaya. A nan tarkon yake, domin a al'ada da burodin hatsin rai ko busasshiyar wainar Faska ake cin wannan hanta, kuma wasu masu sayarwa sukan ƙara mata garin burodi don ta yi auki. Mai ciwon sukari da ya shafa ta a kan rabin burodi bai tsira da kome ba. Sai ya ɗebe ta da yankan kokombur, ko ganyen salati, ko ɗanyen shu, ko ya cika rabin tomati da ita. Tsofaffin Lituwaniya da Polonya ma da gurzajjen baƙin radi mai yaji suke haɗa ta, wanda shi ma gilisid ɗinsa kaɗan ne. Bayan haka hanta tana da furotin giram 17 da sinadarin ƙarfe miligiram 9 a kowane giram 100, ga bitamin B12 mai yawa. Da hanta ne likitoci George Minot da William Murphy suka warkar da wani mugun nau'in ƙarancin jini a 1926, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1934 tare da George Whipple.

Sai dai ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma abin da ya sa hanta ta zama magani shi ne ke sa ta cutar idan ta yi yawa. Giram 100 na hantar kaza na ɗauke da bitamin A fiye da mikrogiram 3,000, alhali baligi 700 zuwa 900 yake bukata a yini, kuma 3,000 ɗin ita ce iyakar da masana suka gindaya. Jiki ba ya zubar da rarar wannan bitamin, tara ta yake yi. Saboda haka hukumomin lafiya na Ingila ke shawartar kada a ci hanta fiye da sau ɗaya a mako, mace mai ciki kuwa ta bar ta gaba ɗaya, domin yawan bitamin A na iya taɓa halittar ɗan tayi. Mai ciwon gaɓoɓi irin wanda ake kira gut shi ma kayan ciki na tayar masa da cuta. Wanda ke yin allurar insulin ko shan ƙwayoyi irin su glibenclamide, idan ya yanke tuwo da shinkafa rana ɗaya ba tare da likita ya rage masa magani ba, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma; dole a yi shawara tukuna. Hantar kaza kuma sananniyar maɓoya ce ta ƙwayoyin cutar gudawa, sai ta nuna har ciki, zafin tsakiyarta ya kai digiri 74, kada a bar ja a ciki don neman taushi. Tsofaffin da suka ƙirƙiro ta a ƙasar ƙanƙara suke. A Damagaram cikin watan Afrilu, idan wuta ta ɗauke firigo ya huce, abin da ya yini a waje sai a zubar. Ko da wuta ba ta yanke ba, kada ta wuce kwana uku.

Idan aka duba da kyau, wannan iyaka ta sau ɗaya a mako da likitocin yau suka kai gare ta bayan dogon bincike, ita ce dai iyakar da Asabar da talauci suka sa wa mutanen farko: cokali biyu, rana ɗaya cikin bakwai, kafin babban abinci. Hantar ba ta fara zama abin zargi ba sai da aka kai ta inda ake gina tsuntsu da ita a kan tebur. Magidancin da likita ya sa wa doka yana da abin dubawa a nan. Uwar gidan nan ta bakin kogin Rin an hana ta jini, an hana ta kitsen rago, an hana ta man shanu a kan nama, an hana ta wuta yini guda cur, amma ba ta zauna tana ƙirga abin da ta rasa ba. Ta ƙirga abin da ke cikin akurki da bayan ɗaki. A kasuwar Maraɗi da ta Tawa akwai zogale da rama da kuɓewa, akwai ƙwan zabi da kifi da wake da gyaɗa, akwai hanta da ƙundun kaza da masu gashi ke sayarwa a bakin titi da yamma. Aikin da ya rage na masu girki ne da masu cefane: su zauna tare da likita, su san nauyin kowane abu a cikin jini, su fitar wa mai ciwon sukari abincin da zai ci cikin iyalinsa ba tare da ya ji an ware shi ba. Allah ya ƙara wa marasa lafiya sauƙi, ya tsare masu lafiya.